Ƙotar Katako ko ta Roba: Wacce Ta Dace da Bindigar Farautarka?

Ƙota, wato jikin katako ko na roba da ƙarfen bindiga ke zaune a kai, aikinta uku ne. Tana riƙe ƙarfen wuri ɗaya kada ya motsa, tana karɓar naushin harbi ta miƙa shi ga kafaɗa, kuma tana ajiye idon maharbi daidai bayan madubin saiti duk lokacin da ya ɗaga bindigar. A kan aikin farko ne masu katako da masu roba suka fi yin gardama, kuma a nan aka fi tafka kuskure wajen saye, domin ana magana kamar kaya iri biyu ne kacal. Alhali iri biyar ne: katako zalla, katako mai falle-falle da aka manne da gam, robar zubi, faiba (ƙyallen zaren gilashi) ko kabon da aka shimfiɗa da hannu, sai firam ɗin alminiyam. Ratar da ke tsakanin robar zubi mai araha da faiba mai kyau ta fi ratar da ke tsakanin faibar da katakon da aka yi wa aiki yadda ya kamata. Don haka idan mai sayarwa ya ce maka ta roba ce, ruwa ba ya mata komai, ka tambaye shi wace irin roba.

Katako da laima

Katako, ko an shekara goma da sare shi, ba ya daina shan danshi daga iska da mayar da shi. In laimar iska ta zauna a kashi 30 cikin 100, danshin cikinsa yakan sauka zuwa wajen kashi 6. A kashi 65 yakan kai 12, a kashi 80 ya haura zuwa 16. Duk hawa da saukar nan jikinsa na kumbura yana tsukewa, kuma ba daidai ba ta kowace fuska. Walnat na Amurka, ɗaya daga cikin itatuwan da aka fi yin ƙota da su, daga ɗanye zuwa bushewa ƙarau yana tsukewa da kashi 5.5 ta wata fuskar, kashi 7.8 ta ɗaya fuskar, amma ta tsawo kusan ba ya motsi. Rashin daidaiton nan ne ke sa ƙota ta karkace ko ta murɗe. Ɗauki gaban ƙota mai faɗin milimita 45. Idan danshinsa ya tashi daga kashi 8 zuwa 14, faɗin zai ƙaru da rabin milimita zuwa milimita 0.7.

A ido wannan ba komai ba ne, a harbi kuwa babban abu ne. Bututu mai tsawon santimita 60, idan katako ya ture bakinsa gefe da milimita 0.2 kawai, harsashi zai goce da kusan santimita 3 a nisan mita 100, ya kai santimita 10 a mita 300. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ba rana ɗaya yake faruwa ba. Katako mai kauri yana ɗaukar makonni kafin danshinsa ya daidaita da na iska, saboda haka bindigar da aka yi wa saiti da rani sai ta riƙa gocewa a hankali da damina, mai ita ya yi ta zargin madubi ko harsashi. Rundunar Marin ta Amurka ta gamu da wannan a Biyetnam da bindigarta ta harbin nesa, M40, wadda aka gina a kan Remington 700 da ƙotar katako. Laimar dajin ta riƙa karkatar da ƙotocin, sai a shekarun 1970 aka sauya su da faiba ta kamfanin McMillan a samfurin M40A1.

Ba kowane katako ke motsi iri ɗaya ba. Bich, wanda ake sa wa bindigogi masu rahusa, yana da ƙarfi, amma ya fi walnat nauyi, kuma tsukewarsa ta fuskar da ta fi motsi ta haura kashi 11. Walnat na Turai da Turkiyya jijiyarsa, wato layukan da ke bin tsawon itacen, ta fi matsewa, ya fi karɓar siririn zanen riƙo. Sai dai yadda aka busar da itacen da yadda aka yanka shi sun fi sunansa muhimmanci. Masu yin ƙota mai kyau suna ajiye gungumen shekaru yana bushewa a iska kafin su taɓa shi. Wanda aka gaggauta busarwa a tanda yakan ɓoye murɗa a ciki, sai bayan an sassaƙa ta bayyana. Duba jijiyar da kyau. A gaban ƙota ana son ta miƙe sak, a wuya kuma, inda hannu ke kamawa, ta bi lanƙwasar wuyan. Zanen nan mai curkuɗewa da ke ɗaukar ido, wurinsa gindin ƙota. Idan ya hau wuya, ko jijiyar ta ratsa wuyan a gicciye, nan ne ƙotar za ta karye ranar da bindiga ta suɓuce daga kafaɗa.

Yadda ake zaunar da katako

Mafi yawan laifin da ake ɗora wa katako na ƙotar da ba a ƙarasa aikinta ba ne. Gyaran kashi uku ne, kuma kafin a taɓa noti ko ɗaya sai an cire harsashi, an zare sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi, an leƙa ɗakin harsashi da ido an tabbatar babu komai.

Da farko a raba bututu da katako. Naɗe sanfefa a jikin sanda mai kaurin bututun, ka rage kwarin da yake kwanciya a ciki har takarda mai kauri ta wuce ƙarƙashinsa ba tare da ta maƙale ba, tun daga hancin ƙota zuwa kusa da uwar bindiga, wato ƙarfen da sakata ke kai-komo a cikinsa. Ratar milimita ɗaya ta isa a yawancin ƙotocin katako. Wasu kamfanoni da gangan suke barin ɗan tudu a hancin ƙota yana danna bututu sama, kuma akwai siraran bututu da ke tara harsasai wuri ɗaya da wannan dannin. Matsalar ita ce ƙarfin dannin yana sauyawa da laima. Kafin ka goge tudun, gwada tukuna: sa 'yar guntuwar kati mai tauri a ƙarƙashin gaban uwar bindiga don ta ɗaga bututun, ka yi harbi biyar, ka kwatanta da biyar na da. In sun fi taruwa ko sun yi daidai, sai ka goge.

Sai shimfiɗar ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ke daskarewa ya yi tauri, da ginshiƙai. A yawancin bindigogi masu sakata noti biyu ne ke ɗaure uwar da ƙota, kuma akwai haƙorin ƙarfe a ƙarƙashinta da ke shiga rami a katako ya tare naushi. Katako yana lotsewa a ƙarƙashin noti, yau ka ɗaure, bayan wata uku ya saki. Maganinsa a faɗaɗa ramin kowane noti a dasa ɗan bututun alminiyam mai kaurin milimita 12 zuwa 14, ta yadda notin zai matse ƙarfe da ƙarfe. Sannan a kankare katako milimita ɗaya zuwa biyu a ƙarƙashin uwar da bayan haƙorin, a cika da ifoksi mai kauri irin su Acraglas ko Devcon, a kwantar da ƙarfen a kai ya bar siffarsa. Inda aikin ya fi ɓaci wuri biyu ne. Wanda ya manta bai shafa wa ƙarfen da notocin kaki ba, ko da man goge takalmi marar launi ne, zai wayi gari bindigarsa ta manne da ƙota. Wanda kuma bai toshe ramuka da tsagogin ƙarfen da yumɓun wasan yara ba, ifoksi zai shiga ya kulle su. A manna tef a gaban haƙorin da gefensa da ƙasansa, domin bayansa kaɗai ake so ya taɓa. Kada a ɗaure noti da ƙarfi lokacin da gam ke bushewa, hakan na lanƙwasa uwar ta daskare a lanƙwashe. A bari awa 24 kafin a raba, a ƙara 'yan kwanaki kafin harbi.

Na ukun shi aka fi mantawa: rufe cikin ƙota. Kamfanoni da yawa suna ƙawata waje su bar ciki tsirara. Ruwa ya fi shiga katako ta inda aka yanke jijiya nesa ba kusa ba, kuma irin waɗannan wuraren duk a ɓoye suke: ƙarƙashin matashin kafaɗa, ramin uwar bindiga, kwarin bututu, ramukan notin maratayi. A shafa musu banish ko ifoksi mai ruwa-ruwa sau biyu ko uku, a bar kowane shafi ya bushe. Man linsid, wani man tsiro da ake shafa wa itace, yana ba katako kyau da daɗin riƙo, gyaransa kuma da sauƙi, amma bai iya tare danshi sosai ba. A kula, tsumman da aka goge linsid da shi kan kama wuta da kansa idan aka dunƙule aka ajiye, don haka a shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa. Ƙotar da ta sami waɗannan ukun za ta ci gaba da ɗan motsi, amma motsin ba ya isa ga ƙarfen.

Robar zubi

Mafi yawan bindigogin farauta masu sauƙin kuɗi yau da ita suke zuwa. Ana narka roba, folifurofilin ko nailan, wani lokaci a gauraya da gutsattsarin zaren gilashi, a tura cikin mazubi, nan da nan ƙota ta fito. Ba sabon abu ba ne. Remington ta fitar da Nylon 66 tun 1959, ƙaramar bindiga mai harsashin .22 da ƙotar nailan, aka ƙera fiye da miliyan ɗaya. Amfanin robar zubi a fili yake: ba ta kumbura da ruwan sama, ba ta buƙatar mai, kuma in ƙaya ko dutse sun karce ta ba wanda zai damu.

Rauninta laushi. Kama hancin ƙotar da yatsu biyu ka matsa shi zuwa bututu. A ƙotoci da yawa zai taɓa ba tare da ka sa ƙarfi ba. Ke nan ratar da aka bari ta tashi a banza da zarar ka ɗora bindigar a kan ƙafafu biyun da ake maƙala wa gabanta, ko ka ja maratayi ka ɗaure hannu da shi, ko ka danna ta a kan reshe. Harbin da ka yi a kan buhun yashi wurin saiti zai sauka wuri ɗaya, wanda ka yi a daji da maratayi a ɗaure ya sauka wani wuri. Katako cikin makonni yake gocewa, ita kuwa tsakanin harbi da harbi, gwargwadon yadda ka riƙe ta. Zafi na ƙara mata laushi. Cikin motar da aka rufe a rana yakan haura digiri 60, kuma robar da ke ƙarƙashin matsin noti a irin wannan zafin tana lotsewa a hankali ba ta dawowa. A sanyi mai daskarar da ruwa, wasu nau'o'in folifurofilin suna yin gautsi. Nailan ma yana shan danshi, wajen kashi 2.5 na nauyinsa a matsakaiciyar laima, sai dai ba ya karkacewa irin ta katako.

Gyaranta ya fi na katako wuya ta fuska ɗaya: ifoksi ba ya kama folifurofilin. Dole a wanke maiƙon mazubi, a karce wurin da sanfefa mai kaushi, a huda ƙananan ramuka a karkace ta fuskoki daban-daban don gam ɗin ya sami abin riƙewa. Ana ƙarfafa gaban da sandunan kabon ko na alminiyam guda biyu da aka kwantar cikin ifoksi, a faɗaɗa ratar bututu zuwa milimita 2. Yana taimakawa, amma yana ƙara nauyi, kuma lanƙwasar takan koma inda sandunan suka ƙare, dab da haƙorin ƙarfe. Akwai robar zubi mai kyau, wadda aka cika da zaren gilashi sosai aka dasa mata ginshiƙai ko gadon alminiyam da uwar bindiga ke kwanciya a kai tun daga kamfani. Gwajin yatsu biyu zai nuna maka ita.

Gindinta fanko ne, yana ƙara in reshe ya buge shi, dabba kuma tana ji. Ana cusa soso a kashe ƙarar. Shafin roba mai laushi da ake yi wa wasu don riƙo yakan yi danƙo bayan shekaru, kuma maganin sauro mai sinadarin DEET yana cin fenti da wasu robobi, har da banish ɗin katako. A wanke hannu kafin a kama.

Faiba, kabon da sauransu

Faiba wata sana'a ce daban. Ana jera ƙyallen zaren gilashi, ko na kabon, ko Kevlar, falle bisa falle a cikin mazubi, a jiƙa da ifoksi ya daskare ya zama ɓawo mai tauri. Cikin kuma a cika da abu mai nauyi da tauri a wurin uwar bindiga, da kumfa marar nauyi a gindi da gaba. Chet Brown yana cikin waɗanda suka fara yin irinta a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, Gale McMillan ya fara tasa a farkon shekarun 1970, yau kuma akwai Manners da H-S Precision da Bell and Carlson da wasu. Ba ta shan ruwa, zafin da mafarauci zai gamu da shi ba ya lausasa ta, gabanta ba ya lanƙwasa a hannu, kuma ifoksi yana kama ta sosai tunda danginsa ce. Wajen riƙe saiti daga wata zuwa wata, babu wadda ta kai ta a cikin ƙotocin da suka dace da yawo a daji.

Tsadarta ce matsalar. Sau da yawa ƙotar kaɗai takan kai kuɗin bindiga mai robar zubi gaba ɗayanta. Kuma ko mai gadon alminiyam ce, ba lallai uwar bindiga ta kwanta a kai daidai ba, domin kowane ƙarfe da ɗan bambancin da ya fito da shi daga inji. Siririn shafin ifoksi yakan gyara wannan. Fentinta yana ɓarewa a gefuna. Kabon ya fi faiba tauri da rashin nauyi, amma ɓawonsa siriri ne, bugu mai kaifi a kan dutse na iya fasa shi, notin maratayi kuma na iya fizgewa in ba a dasa masa ƙarfe a ciki ba. Idan kabon ya haɗu da alminiyam a cikin ruwan gishiri yana hanzarta cinsa, abin lura ga mai farauta a bakin teku.

Katako mai falle-falle yana tsakiya. Siraran fallayen itace ne, kowanne bai kai milimita biyu ba, a shafa gam a matse da zafi. Jamus ta fara sa irinsa a bindigar sojanta K98k tun ƙarshen shekarun 1930. Gam ya toshe yawancin hanyar ruwa, fallayen kuma suna hana juna karkacewa, don haka ya fi katako zalla zama, yana da tauri, kuma ana yanka shi a sassaƙa yadda ake so. Aibinsa nauyi, kuma shi ma sai an rufe cikinsa. Firam ɗin alminiyam na mai harbin nesa ne daga wuri ɗaya. Saitinsa ba ya motsi, amma yana da nauyi da kusurwoyi masu kama kaya, kuma alminiyam yana janye zafin hannu da sauri fiye da katako nesa ba kusa ba, abin da yatsu za su ji da asubar sanyi.

Nauyi da naushi

Ana yawan ɗauka roba ta fi katako sauƙin ɗauka, amma in aka ɗora su a sikeli bambancin kaɗan ne. Ƙotar walnat ta farauta takan yi gram 900 zuwa kilo 1.1, robar zubi gram 800 zuwa kilo 1.1, faiba ta yau da kullum kusan haka, ko fiye in tana da gadon alminiyam. Mai falle-falle takan yi kilo 1.1 zuwa 1.4. Kabon ne kaɗai ke sauka sosai, gram 600 zuwa 800. Rage nauyi kuma da abin da yake jawowa, domin naushi yana ƙaruwa gwargwadon raguwar nauyin bindiga. Bindigar .30-06 mai kilo 3.6, da harsashi mai gram 11.7, tana naushi da wajen jul 27 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne). A mayar da ita kilo 3, naushin ya haura jul 32. Ƙarin kashi 20 ke nan a kafaɗa, kuma maharbin da ya fara tsoron bindigarsa yana runtse ido ya fizgi kunama, wanda ya fi duk wata karkacewar katako ɓatar da harsashi. Bindiga marar nauyi ta fi rawa a hannu bayan an hau tudu ana haki, kuma ƙota marar nauyi a bayan bututu mai kauri tana sa bindiga ta rinjaya gaba. Maganar cewa roba na shanye naushi, ko katako ya fi taushi a kafaɗa, tasirinta kaɗan ne idan aka kwatanta da nauyi, siffar ƙota, da matashin kafaɗa mai laushi na santimita 2.5.

A manyan harsasai irin su .375 H&H zuwa sama, katako na buƙatar ƙarin tsaro. Naushin yana neman tsaga shi gida biyu, daga bayan haƙorin ƙarfe zuwa wuya. Shi ya sa ake soka noti ɗaya ko biyu a gicciye, a yi shimfiɗar ifoksi, a kuma bar 'yar rata kamar rabin milimita a bayan wutsiyar uwar bindiga. Idan wutsiyar na dukan katako kai tsaye, daga nan tsaga za ta fara, kuma noti mai sako-sako shi ke yawan jawo hakan. Katako ko robar zubi marasa ginshiƙi ana ɗaure notinsu da wajen niyuton-mita 3.5 zuwa 4, masu ginshiƙi ko gadon alminiyam da 6 zuwa 7. A yi da sukundireba mai awo, kuma in kamfani ya rubuta adadinsa, nasa ake bi.

Dacewa da jiki

Ƙotar da ba ta dace da kai ba, ko da me aka yi ta, za ta sa ka kuskure. Tsawo daga kunama zuwa ƙarshen matashin kafaɗa a yawancin bindigogin kamfani santimita 34 zuwa 35 ne. Gajeren mutum, ko yaro mai tasowa, ko mai sanye da rigar sanyi mai kauri, yana buƙatar ƙasa da haka. A nan katako ya yi fice: a yanke da zarto, a rufe bakin yankan, a mayar da matashin. Ana kankare makwancin kunci ko a ƙara masa, gwani ma na iya lanƙwasa wuyan da zazzafan mai. Robar zubi in ka yanke ta ba inda noti zai kama sai an dasa wani abu a ciki, ko da yake da yawa yanzu suna zuwa da fallayen ƙarin tsawo da makwancin kunci mai sauyawa. Gwajin mai sauƙi ne. Rufe ido, ɗaga bindigar da ba harsashi zuwa kafaɗa, kwantar da kunci, buɗe ido. Idan ba ka ga cikakkiyar da'irar madubi ba sai ka ɗaga kai, makwancin ya yi ƙasa.

Katako yana saurin samun tabo amma yana karɓar gyara. Lotsawar da ba ta yanke jijiya ba, ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga mai zafi na 'yan daƙiƙoƙi, tururi zai tayar da ita, a maimaita sau uku ko huɗu. Tsaga in an kama ta da wuri, a buɗa kaɗan a tura ifoksi, a soka siririn ƙarfen tagulla a gicciye. Babban maƙiyinsa a ajiya man bindiga ne. Idan aka jingine ta gindi a ƙasa da mai da yawa, sai ya gangaro ya jiƙe katakon bayan uwar, ya yi baƙi ya yi laushi. A rage mai, ko a ajiye ta baki ƙasa. Walnat ɗin da aka kula da shi yana wuce shekara 100 yana aiki, kyawunsa kuma na riƙe darajar bindiga. Wannan ba ƙaramin dalili ba ne, domin wanda ke jin daɗin riƙe bindigarsa ya fi kula da ita. Robar zubi in ta fashe sai sauyi, faiba kuwa a cike da ifoksi, a goge, a fesa fenti.

Kada ƙotar roba ta sa ka yi sakaci da ƙarfen da ke kanta. Ruwa na taruwa tsakanin bututu da ƙota, ya zauna ya jawo tsatsa ta ƙasa inda ba a gani. Bayan ruwan sama mai ƙarfi a kwance noti, a raba, a goge, a shafa mai kaɗan. Katakon da ya jiƙe a bar shi ya bushe a inuwa a hankali, nesa da wuta, kuma kada a mayar da bindiga jaka tana da danshi.

Wacce za ka ɗauka

Wanda ke fita da safe ya dawo da yamma, harbinsa bai wuce mita 200 ba, a kan dabbar da makasarta ta kai faɗin santimita 20, katako mai shimfiɗa da rufaffen ciki ya ishe shi, ba shi da dalilin rabuwa da ƙotar da yake so. Wanda zai kwana a tanti mako guda cikin ruwa ko ƙanƙara, ko yake shiga kwale-kwale da fadama, ko zai tashi daga busasshen wuri ya je farauta wuri mai laima ba tare da damar sake saiti ba, faiba ce tasa in aljihu ya ɗauka. Mai hawan duwatsu zai ci moriyar kabon, muddin ya haɗa shi da harsashi mai sauƙin naushi. Mai zama wuri ɗaya yana jiran dabba, nauyin falle-falle taimako ne a gare shi. Mai ƙaramin kuɗi ya nemi robar zubi mai ginshiƙai wadda ta tsallake gwajin yatsu, sauran kuɗin ya sa a madubi mai kyau da harsashin atisaye. Ƙota ana sauya ta daga baya, musamman a bindigogi irin su Remington 700, Tikka T3, Howa 1500 da Savage 110, waɗanda kamfanoni da yawa ke yi wa ƙotoci. Abin da ba mu ba da shawara shi ne a cire walnat mai kyau a sa robar zubi marar ginshiƙi da sunan ci gaba.

Kafin ka biya, yi gwajin zura takarda ƙarƙashin bututu sau biyu, ɗaya bindiga tana hannunka, ɗaya hancin ƙota na kan abin ɗorawa da nauyin bindigar a kansa. In an yarda maka, tsayar da ita, ɗora yatsa inda hancin ƙota ya kusanci bututu, ka sassauta notin gaba. Idan ka ji bututun ya motsa, uwar a lanƙwashe take zaune, tana buƙatar shimfiɗa. A bindigar da aka riga aka yi amfani da ita, haska tocila a bayan wutsiyar uwar da gefen wuya ka nemi siririyar tsaga da baƙin mai.

Duk lokacin da aka raba ƙota da ƙarfe, ko aka sauya ta, sai an sake duba saiti. Gwajin da ya fi nuna halin ƙota shi ne harbi ɗaya tak da bututu mai sanyi, a allo ɗaya, a ranaku daban-daban masu yanayi daban-daban, kuma da irin riƙon da za ka yi a daji, domin harbin farko ne ke kayar da dabba. Idan bayan harbi biyar ko shida ramukan sun jeru sama da ƙasa, fara da noti da dannin hancin ƙota. Idan sun jeru gefe da gefe, shafa alli ko baƙin hayaƙi a ƙasan bututu, ka mayar ka ɗaure, ka sake rabawa ka ga gefen kwarin da ya bar alama, ka rage wurin da sanfefa.